Mita ta Biyu a Gidan Yaya

Motar nan mai amfani da lantarki ban saye ta don burga ba, ko da yake matan layinmu haka suka ɗauka. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Khalidiyya a nan Madina, gidanmu kuwa yana can Uhudu, bayan rumfunan masu sayar wa maziyarta dabino da carbi. Tsohuwar motar da marigayi mijina ya bar min ta gaji, ni ma na gaji da ita. Yau tana wajen makaniki, gobe tana hanyar komawa, ga warin fetur da ke tayar min da ciwon kai. Ranar da na shigo layinmu da sabuwar, ba ƙara ba hayaƙi, Yaya na zaune a ƙofar gida bai ma san na iso ba sai da na yi masa sallama ta taga. Ya taso ya shafa ta daga gaba har baya, ya ce, "To, Auta, ina injin?" Na ce babu irin wanda ya sani. Ya ce, "Ikon Allah!" Ya sa mata albarka ya koma kujerarsa.

Yaya wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni nesa ba kusa ba. A da direban babbar bas ne. Ƙuruciyarsa duk a hanya ta ƙare, yana ɗibar alhazai daga Bi'ir Ali zuwa Makka, har ciwon suga ya taɓa masa ido aka ce ya ajiye tuƙi. Da na fita takaba, shi ya zo da kansa ya kwashe kayana ya dawo da ni gidan mahaifinmu. Ya ba ni saman bene, shi da matarsa suna ƙasa.

Akwai wata al'ada a gidanmu da ta samo asali tun daga kakanmu, wanda ya zo aikin Hajji daga ƙasar Hausa ya zauna a Madina. Babban namijin gida shi ke ɗaukar wuta da ruwa. Kowa na iya sayo shinkafa, kowa na iya shigowa da nama ko kayan shayi, amma hasken gida da ruwan gida na babba ne. A zamanin kakan kananzir ne da kuɗin mai kawo ruwa, a zamanin mahaifinmu ya koma takardar wuta, yanzu kuma saƙo ne ke shigowa waya. Macen da ta dawo gida kuwa ba a karɓar ko sisinta. Yaya ya rasa sitiyari, 'ya'yansa sun yi aure sun watse, kuma ɗan abin da yake samu na ritaya bai taka kara ya karya ba. Wannan biyan wutar shi ne abin da ya rage masa yana nuna shi ne mai gida, kuma ya riƙe shi hannu bibbiyu.

Ni dai ban kawo wannan a raina ba lokacin da aka zo aka kafa min akwatin caji a bangon garejinmu, aka haɗa shi da mitar gida. Lokacin sanyi ne, babu mai kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don haka ba wanda ya ga wani bambanci. In na dawo aiki na jona motar na haye sama, da safe na same ta a cike. Har gori nake yi wa abokan aikina masu bin layin gidan mai.

Sai zafi ya shigo. Wanda ya san zafin Madina ya san ba abin wasa ba ne. Ƙarfen ƙofa ma sai ka sa gefen mayafi kafin ka taɓa shi.

Wata rana na dawo da wuri, tsakar rana, saboda jikina ba daɗi. Na leƙa falon Yaya don in gaishe shi, zafi ya doke ni a fuska kamar na buɗe tanda. Yana kwance a kan tayil babu shimfiɗa, daga shi sai singileti da zane, ya ɗora jiƙaƙƙen tawul a ƙirji. Mukayyif a kashe. Na ce, "Yaya, lafiya? Ya lalace ne?" Ya ce a'a, sanyin ne ke shiga masa gwiwa. Na ɗauki rimot na kunna, ya ce in kashe. Na taɓa goshinsa, na duba leɓensa a bushe. Aikina ke nan, na san abin da zafi ke yi wa mai ciwon suga.

A kicin matarsa ta ja ni gefe, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Babu wata gwiwa. Tun da fatura ta hau yake haka. Daga hantsi har magariba ba ya kunnawa, sai in na shigo ɗakin. Ya ce in na gaya miki bai yafe ba." Fatura ita ce kuɗin wutar wata. Ashe motata na ƙoshi a gareji, wana yana gasuwa a falo. Haushi ya kama ni, na kaina da nasa, na rasa wanda ya fi yawa.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Na je na durƙusa na ce ya bar ni in riƙa taimakawa da kuɗin wuta. Kallon da ya yi min, da idon nan nasa da ba ya gani sosai, sai da na ji kamar in nutse. Ya ce, "Ina raye?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Na koma cajin mota a waje, a wata tasha da ke nesa da hanyata, ina zama cikin mota ina jira bayan na tashi aiki a gajiye. Ba a jima ba ya gane, don kunnensa ya fi idonsa aiki, ya daina jin ƙarar buɗe akwatin gareji. Ya tare ni a bakin bene ya ce, "Wutar gidan ubanki ce ta yi miki ɗaci?" Dole na dawo da cajin gida, shi kuma ya ci gaba da kwanciya a tayil.

Wata abokiyar aikina da ta yi zaman Turai ta ce a can akwai tsarin da wuta ke sauƙi a wasu sa'o'i, masu irin motata su kan zaɓe shi. Na ɗauki rabin yini na je ofishin wuta. Ma'aikacin da na samu mutum ne mai haƙuri, ya ce shi dai bai san da wannan tsarin ba ga gidaje irin namu. Ya yi min bayani dalla-dalla. Kuɗin wutar gida hawa-hawa ne: in abin da aka sha a wata bai wuce wani ƙa'idajjen adadi ba, farashin da sauƙi, abin da ya haura nan kuma da tsada ake biyansa. Gidanmu mai hawa biyu a kan mita ɗaya, da zafi mukayyif kaɗai ke kai mu bakin iyakar, don haka duk abin da motar ta sha a farashi mai tsada yake faɗawa. Ya ce in saman bene da gareji suka samu mitarsu daban, kowane ɓangare zai zauna a hawa mai sauƙi. Gidan gaba ɗaya zai biya ƙasa da abin da yake biya, kuma kuɗin mitar ta biyu wayata zai riƙa zuwa.

Na fito ofishin ina murna. Ga sauƙi, ga Yaya zai huta, kuma ba sai na miƙa masa kuɗi hannu da hannu ya ji kunya ba. A cikin mota na cika buƙatar ta waya, niyyata sai komai ya kankama in lallaba shi. Abin da ban sani ba, tunda gidan da sunansa yake, saƙon neman amincewa wayarsa zai tafi.

Yaya ba ya iya karanta saƙo. In ya shigo, duk wanda ke kusa yake miƙa wa. A ranar kuwa yana majalisarsu ta bayan la'asar, ƙofar shagon wani amininsa tela mutumin Chadi, da dattawan unguwa a zazzaune ana shan shayi. Telan ya karɓa, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi yadda ya saba: an nemi raba mitar gida kaza, ga lambar amincewa. A wajen mutanenmu na nan, raba mita ba maganar wuta ba ce. Kowa a unguwar ya ga gidajen da aka fara da mita, aka bi da tukunya, aka gina katanga a tsakar gida, ƙarshe magada suka sayar kowa ya kama gabansa. Matar Yaya ta ce min wai ba wanda ya ce uffan a majalisar, telan ya mayar masa da wayar kawai. Wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

Ya hauro sama da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba, yana dafa bango. Ya ƙi zama. Ya ce, "Addad kike so naki, mitarki daban? Khalas, shi ke nan. Gobe ma a kira mai gini ya fitar miki da ƙofa ta baya. Me na rage ki da shi, Auta? Na taɓa kawo miki fatura na ce duba?"

Na ce, "Da ka kawo ai da ya fi min sauƙi."

"A gaban mutane! Ana karanta min ƙanwata ta gaji da ni."

Ni ma fa ba kanwar lasa ba ce, kuma har yau ban yarda na yi laifi a neman mitar ba, sai dai a hanyar da labarin ya iso masa. Na miƙe tsaye na ce, "Yaya, mutanen majalisa ba su suka same ka kwance a ƙasa leɓe a bushe ba, ni ce. Na rasa miji, na haƙura, don ba ni na jawo ba. Amma in na rasa ka saboda mota, da wane ido zan dubi kaina? Ko a sa mitar nan, ko in sayar da motar in koma hawa tasi. Ka zaɓa, kai ne babba." Ina faɗa ina kuka, ba na lallashi ba, na takaici.

Can ya laluba aljihun jallabiyarsa ya ciro wayar ya miƙo min, ya ce, "Duba lambar." Na duba, lokacinta ya wuce. Sai da na sake nema, muka zauna a bakin gado ni da shi muna jiran sabon saƙo, matarsa tana leƙe daga matakala. Da ya shigo na karanta masa, ya ce in danna da hannuna.

An zo an sa mitar, ƙaramin akwati a gefen tsohuwar. Mukayyif ɗin falonsa ya dawo aiki, gwiwa kuma ba mu sake jin labarinta ba. Kuɗin wutar ƙasa ya sauka, na sama ya zo min daidai ƙarfina, kamar yadda ma'aikacin nan ya ce. Ta fuskar lissafi na ci nasara. Amma Yaya ya yi sanyi. Ya ɗauki lokaci bai koma majalisa ba, kuma in na sauko gaishe shi sai ya amsa da ladabi, irin yadda ake amsa wa maƙwabciya. Wannan ladabin ya fi faɗansa ƙona min rai.

Wata yamma na dawo aiki na same shi a ƙofar gida. Na shigar da mota, na fito na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yanzu ke ke biyan wutarki, ke ke tuƙa kanki, abincinki ma rabinsa a asibiti kike ci. To ni me nake yi miki?"

Tambayar ta shige ni. Na so in ce addu'arsa ta ishe ni, amma na san zai ji ta a matsayin sallama. Na waiga na ga wayar cajin a naɗe a bango, sai na ji bakina yana cewa, "Wallahi Yaya, wayar nan nauyi gare ta. Kullum in na dawo a gajiye, jawo ta da jonawa sai kafaɗata ta amsa. Da za ka riƙa jona min, da ka taimake ni."

Ya ɗan juyo. Ya ce, "Nuna min."

Na kama hannunsa na ɗora a kan murfin gefen motar, na nuna masa inda ake dannawa ya buɗe. Ya bi bakin ramin da yatsa yana lalube, ya ɗauko kan wayar ya juya shi har ya zauna daidai, ya tura. Motar ta yi ɗan ƙaranta. Ya ce, "Ta kama?" Na ce ta kama.

Tun daga ranar, in lokacin dawowata ya yi yana ƙofar gida yana jira, kuma in na makara sai ya kira ya yi min faɗa wai na bar shi a tsaye. Tun ranar farko da ya ɗauki wayar cajin a hannunsa ya ji nauyinta, ya san yarinya ma za ta iya ɗaga ta da hannu ɗaya. Duk da haka bai fasa jona min ba. Kullum sai in fito daga mota ina murza kafaɗa, shi kuma ya ce in hau sama in huta, ya ji da sauran.