Ranar da Mma ta je wankan mai rai

Fiye da shekara talatin mahaifiyata, da muke kira Mma, tana wankan gawar mata a layinmu na unguwar Nima. Da an aiko za ta ɗauki bokitinta na ƙarfe da kafur da ƙyallen naɗe hannu ta fita. Ba ta taɓa dawowa da labarin abin da ta gani a jikin mamaciya ba, shi ya sa ake ganin girmanta.

Ni kuwa nas ce. A asibiti ni ke zaunar da 'yan uwan tsofaffi masu ciwon mantuwa ina musu karatu: kada ku yi musu gardama, kada ku ɗaga murya, ku sa ido da yamma don lokacin rikicewar ke ƙaruwa. Baki gare ni kamar rediyo. Amma da Mma ta fara zuba gishiri sau biyu a miya, tana tambayata yau wace rana sau biyar kafin in gama shan koko, sai na ce tsufa ne. Na gane sarai, tsoro ne ya hana ni faɗa.

Wata Laraba bayan la'asar, saukowata daga motar haya ta trotro ke nan, 'yar wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta tare ni tana haki.

“Uwanki ya shiga gidanmu da bokiti, ya ce ya zo wankan mamanmu! Mamanmu yana zaune yana cin tuwo!”

Na iske Mma a tsakar gidan mutane, ta naɗe hannun riga, tana roƙo a hankali a ɗumama mata ruwa. Tsohuwar na zaune a tabarma da loma a hannu, ta kasa kaiwa baki. Duk karatun nan nawa ya gudu. Na daka wa uwata tsawa a gaban jama'a, na finciko hannunta. Har yau in na tuna kallon da ta yi mini sai in ji na tsani kaina.

Kwana tara bayan haka tsohuwar ta rasu. Ta daɗe da hawan jini, ni ma nakan auna ta, amma wa zai saurare ni? Daga unguwar Maamobi aka ɗauko mai wankan gawarta. Ba wanda ya ce wa Mma mayya a gabana, sai dai gaisuwa ta gajarce, kuma in ta leƙo ƙofa mata kan janye 'ya'yansu.

Na bi gida gida ina cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne. A ce “Allah ya sawwaƙe”, a saki labule. Na san in ta sake shiga wani gida, abin ba zai tsaya a kallo ba. Na ɓoye bokitin, na sayi kwaɗo, ina kulle ta in zan tafi aiki.

Duk yamma takan yafa farin mayafinta ta zauna kusa da ƙofa tana jiran aike. An yi jana'iza a layinmu sau da yawa, ba a ƙwanƙwasa mana ba. Wata rana ina tsefe mata kai ta ce, “'Yar nan, wai mutane sun daina mutuwa ne a Nima?”

Abin da nake koya wa mutane ya faɗo mini. Na haɗiye kukana, na ce, “I, Mma, sun daina.”

Ta ce, “Alhamdulillahi,” ta gyara mayafinta, ta ci gaba da kallon ƙofa.