Mai Duwatsu da Bakin Duniya

A kamfanin da ke ƙera wasannin kwamfuta, kowa Mai Duwatsu yake ce masa, don shi ke shimfiɗa ƙasar da 'yan wasa ke takawa. Tudu, kwari, rafi, ciyawa, duk daga hannunsa suke fitowa. Yana da haƙurin aiki, amma a yabi wani a gabansa, nan haƙurin ya ƙare. Tun yana zanen allunan shaguna haka yake, kuma furfura ba ta gyara shi ba.

Rigimar ta taso ne da Oga ya ce a sa jirgin sama cikin wasan. Jirgi na lulawa, sai ga ƙasar duka kamar tabarmar da aka yar a tsakar ɗaki, bayan gefenta baƙi ƙirin. Mai Duwatsu ya ce a ba shi lokaci ya ƙara faɗinta.

"Yaya, ko shekara ka yi kana ƙarawa, jirgin zai ƙara sama ya hango ƙarshenta," in ji Auta, ƙanwar matarsa, wadda shi da bakinsa ya roƙa mata aiki a wurin.

Ta kwafi ƙasar tasa, ta jera ta gefe da gefe tana jujjuya ta. Na nesa ta rage musu ado don kada na'ura ta sha nauyi, ta dusashe launinsu har suka narke cikin shuɗin sama. Aka tashi jirgi, ƙasa ta ƙi ƙarewa. Ofis ya taru a bayan kujerarta, Oga har da tafi. Ƙasar wa ake yabo? Tasa. Sunan wa ake kira? Ba nasa ba.

A gida matarsa ta ce, "Ka ji abin da ƙanwarka ta yi?"

"Ƙanwarki dai. Aikina ta kwafa."

"To ka kwafi kanka mana tun farko."

Babban mutum da shi, ya bar aikinsa ya koma tuƙa jirgin cikin wasan yana neman aibu, don kada a raba shi da ƙasarsa. Ya kuwa samu. Ranar taro, maimakon ya ja yarinya gefe ya nuna mata, sai ya haska a bango gaban kowa.

"Oga, dubi dutsen nan mai tsaga a ka. Ga shi nan, ga shi can, ga wani can. Yaro ma zai gane ƙarya ce."

Oga ya ƙura ido. "Gaskiya ne. Wa ya yi dutsen?"

"Ni."

"Ya yi kyau har ya yi yawa, shi ya sa ido ke kama shi. Auta, me za a yi?"

Kanta a ƙasa ta ce, "Sai dai a baje shi. Na gani tuntuni, kunyar Yaya ce ta hana ni faɗa."

"Daga yau babu kunya. Ƙasar ta koma hannunki, duk tudun da zai yi ki duba kafin ya shiga."

Mai Duwatsu ya koma teburinsa ya baje dutsen da hannunsa. Sannan ya juya da ƙyar.

"Auta, zo ki gani ko ya yi."