Suwaita mai jan hannu ɗaya

Jiya muna kwashe kayan marigayiya Mama daga akwatinta na ƙarfe, sai ga suwaitata ta firamare: shuɗiya, amma hannun hagu ja.

A Kafanchan, wajen 1975, Mama ba ta yar da ulu. Idan suwaita ta matse yaro, sai ta warware ta, ta sake saƙa wa na bayansa. Ni ce ta huɗu. Kafin zaren ya iso kaina duk ya tsittsinke, bai isa hannu biyu ba.

Na ɗaga ta ina dariya, na ce wa yayata, "Yaya Rifkatu, kin san tsokanar da na sha a makaranta saboda hannun nan?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kin tuna jar hular da Mama take sawa zuwa addu'ar safe a coci? Ita ta warware. Shekarar nan da ɗankwali kawai ta yi sanyin Disamba."

Ni kuwa a aji ƙarƙashin benci nake ɓoye hannun.

Ku fa, me mahaifiyarku ta taɓa yi muku da hannunta kuka raina?