Akwatin da Baba Kafinta Ya Ƙera

Shekara talatin da ɗoriya Baba Kafinta ya yi yana gyaran bencina a makarantar firamaren unguwa. Rumfarsa tana bayan ajin 'yan huɗu, jingine da katanga, ƙasanta cike da garin katako da lanƙwasassun ƙusoshi da yake miƙewa da guduma in aiki ya yi sauƙi. Bai yi karatu mai nisa ba. Lambobin jikin abin awo ya sani, sai baƙaƙen da yake haɗawa a hankali yana motsa leɓe. Amma aikinsa ba ya dawowa gyara, kuma da wannan yake alfahari.

Wata shekara ƙaramar hukuma ta turo wata jami'a mai fara'a. Ta tara malamai ta ce yara na da damuwar da ba sa iya faɗa da baki. Za a kafa akwati, yaro ya rubuta abin da ke cin ransa ya jefa, ita kuma ta zo duk mako ta buɗe. Baba aka ba aikin.

"Baba, sirri ne fa," in ji ta. "Kada hannun kowa ya iya shiga."

"'Yata, ko kyankyaso sai ya nemi izini."

Haka kuwa aka yi. Ya tsaga baki siriri, ya ɓoye duk ƙusoshin ta ciki, ya sa kwaɗo mai nauyi. Makullai biyu duk ita ya miƙa wa. Hedimasta ya nemi ɗaya, ta ce a'a, in yara suka san malamai na buɗewa ba za su rubuta ba.

Sau uku ta zo. Daga nan aka yi mata canjin wurin aiki, makullan suka kwanta a wata durowa a ofishin hukuma.

Akwai wata yarinya a aji huɗu da mahaifinta ya rasu a zangon da ya wuce. Tun daga nan kullum kanta na kife a kan benci, har yara suka sa mata Sarkin Barci. Malaminsu yakan fito da ita ta durƙusa a baranda, daidai inda Baba ke ganinta.

"Uwar ɗakina, yau ma an kama ki? Ki riƙa rage mini barcin nan, ni tsoho ba na samu."

Takan ɗan yi murmushi kawai. Amma sau da yawa a lokacin tara, in yara sun watse wasa, sai ta je gaban akwatin, ta yi ɗage, ta tura wata 'yar takarda da ta ninke sau huɗu. Sai ta tsaya jim, kamar mai jiran a amsa sallama.

Baba ya sami hedimasta. "Ranka ya daɗe, akwatin nan ana ta zuba masa, ba a kwashewa."

"Kayan hukuma ne, Baba. Mun rubuta musu."

Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin da kansa. Aka ce ya dawo jibi. Jibi aka ce mai riƙe da makullin durowar ya fita taro. Zuwa na uku wani saurayi ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Baba, kai a wane matsayi kake tambaya?"

"Ni na ƙera shi."

"To ai ka gama naka."

Ya san zarto zai raba shi da wannan yawo. Ya ɗauka sau biyu ya ajiye. Ba tsoron hukuma kaɗai ba ne. Hannunsa ne ya ƙi yanka abin da ya yi da kyau haka. Ya ce bari a ƙara mako guda. Mako ya zama wata biyu.

Ranar da ya ƙirga kwana tara bai ga yarinyar ba, bai nemi izinin kowa ba. Ya yanke murfin, ya kwashi takardun a gaban rigarsa, ya zube su a teburin hedimasta. Goma sha tara daga ciki rubutun hannun yarinyar ne. Hedimasta ya karanta ta farko a bayyane:

"Don Allah a canza mini wurin zama. Ta tagarmu ana hango ƙofar asibiti. Ta nan aka fito da Babana."

Sauran ma haka. Ta ƙarshe layi ɗaya ce: "Ko ba a karantawa ne?"

Baba ya zauna a ƙasa. Shi ya kafe bencin da take zama a gindin taga da ƙusa shida, don kada yara su riƙa jansa. Cire shi ba zai kai minti biyar ba.

Da la'asar ya nemi gidansu. Mahaifiyar ta fito bakin ƙofa da kumfar wanki a hannu. Ta ce ta tura yarinyar wajen gwaggonta a wani gari. "Kullum kuka, wai ba ta son makaranta. Na yi faɗa, na yi lallashi. Na ɗauka lalaci ne, Baba."

Ya miƙa mata takardun. Ta goge hannu a zani, ta karanta ɗaya, ta jingina da ƙofa. Bai jira ta karanta ta biyu ba.

Daga baya hukuma ta yarda kowace makaranta ta zaɓi malami ɗaya da zai riƙe makulli ya buɗe kullum kafin a tashi. Baba ya ƙera sabon akwati, a wannan karon da ƙusoshin a waje. Bencin kuwa ya cire shi ya mayar jikin bangon da ba taga. Mahaifiyar ta ce za ta aika a gaya wa yarinyar, amma zango biyu ke nan ba labari.

Kowace safiya yakan shiga ajin da tsumma ya goge ƙarshen bencin. In wani yaro ya matso zai zauna a wurin, sai ya dafa kafaɗarsa a hankali.

"Matsa can, jikana. Akwai mai shi."