Malam Ilu Mai Wankin Dutse

Da an idar da sallar asuba a Mandawari, Malam Ilu zai ɗauki bokiti da tiyo da tsohon buroshin haƙori, ya nufi gidan Alhaji Mailafiya. Maƙwabta su tsokane shi: "Malam Ilu, za a je yi wa dutse wanka?" Shi kuwa ya ce, "Eh, shi dai ba ya gulma." Shekara ashirin da biyar ke nan, kuma a watan nan zai ajiye buroshin, don idanu sun fara gajiya.

Aikin ya faro ne shekarar da soja suka koma bariki. Alhaji ya ci zaɓe, ya sayo akwatin gilashi daga Jidda, cike da kifayen teku masu launi kamar atamfa, da wasu duwatsu da aka ce ƙananan halittu na rayuwa a jikinsu. Ina Kano ina teku! Malam Ilu kaɗai ya san kan abin, domin ya taɓa aiki a shagon irin kifin a can Jidda.

Ba a rufa wata uku ba sai wani jan abu mai yauƙi ya lulluɓe duwatsun. 'Yan siyasar da ke cika falon suka leƙa, suka sa salati: "Jini ne, Alhaji! Sammu ne, aikin 'yan adawa!" Wa ke share falon? Tani, dattijuwar da ke riƙe da jikoki marayu uku da wannan aikin. Aka ce ta haɗa kayanta. Wani ya taho da rubutu zai juye a ruwan, wani ya ce a dirje duwatsun da sabulu a shanya a rana.

Malam Ilu ya tare gaban gilashin ya ware hannuwa. "Wallahi kuka sa sabulu kun kashe dutsen, kifin ma su bi shi. Gansakuka ce irin ta bakin rijiya, ta teku ce kawai ta zo da ja. Alhaji, a ba ni kwana bakwai, kar a kori baiwar Allah."

Malam Ilu, kai ne ka ciro duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ka tsoma a bokitin ruwan gishirinsu, kana gogewa kamar mai yi wa jariri wanka. Kai ne ka zuƙe yauƙin da tiyo, har ka kurɓi teku ka yi ta kaki. Ka sa labule a tagar da rana ke shigowa. Amma kwana uku tsakani ja ya dawo, Tani na kuka a madafa, 'yan siyasa na cewa, "Ba mun faɗa ba?"

Rannan Malam Ilu ya zauna a falon tun safe ya ƙi tashi. Da azahar aka kawo abinci. Alhaji ya wanke hannu, ya dubi kifayen, ya ce musu "Bismillah," ya ɗebi dambun nama ya zuba a ruwan.

"Alhaji, kullum haka kake yi?"

"Sau uku a rana. Baƙi daga uwa duniya, in ci suna kallona? Ai ba tarbiyyarmu ba ce."

"To, ranka ya daɗe, ga mai sammun nan a zaune. Ragowar abincin ke ruɓewa, gansakuka tana ƙiba."

Alhaji ya sa aka kira Tani, ya nemi gafararta a gaban kowa. Tun daga ranar, in zai ci abinci sai an juya masa kujera ya ba gilashin baya, don har yau zuciyarsa ba ta jure kallon.

Malam Ilu, mai wankin dutse, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Duwatsun na nan da ransu, jikokin Tani duka ukun sun gama makaranta. Ku kuma jama'a, ku yi koyi da shi: in kun ga ja a jikin dutse, kafin ku nemo talakan da za ku kora, ku zauna tukuna ku jira a kawo wa maigida abinci.