Wayar da Na Sayo wa Yaya Sahabi

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Sahabi makwancinsa a Bodinga. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ni tela ne, shi kuwa mai gyaran rediyo da amfilifaya, akwatin nan da ke ƙara wa lasifika ƙarfi. Duk shekara sai in ce zan yi wannan rubutu, sai in ji kunya in ajiye biro. Bana dai na gaji da kaina.

Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka suna ne aka raɗa masa: Mai Sanarwa. Haka ake kiransa har gobe, daga kasuwar Bodinga zuwa Shagari, ana faɗa ana murmushi. To ku saurara ku ji inda sunan ya fito.

Kafin wannan suna, babu masallacin Juma'a a yankinmu da bai san hannunsa ba. Makaɗa ma wurinsa suke zuwa, musamman masu jita, don su abinsu ba ya son ƙugi ko kaɗan. Yakan ce amfilifayar jita kunne gare ta kamar tsohuwa mai gulma, komai ya gifta sai ta ɗauka ta yayata. Maganinta waya ce ta musamman: silin da ke ɗauke da sauti yana tsakiya, an lulluɓe shi da saƙar jan ƙarfe siriri, ita ke tare hayaniyar waje. Waya mai saƙa yake ce mata. Samunta kuwa wahala. Cikin tsofaffin rikoda da matattun talabijin yake tono ta taƙi-taƙi, ya nannaɗe ya ɓoye a gwangwanin madara.

Wata shekara Hamidu mai jita na Shagari ya kawo masa amfilifaya, ɓera ya cinye wayoyin ciki, ga shi an ɗauke shi wasan biki ranar Juma'a bayan la'asar. Gwangwanin Yaya ya ƙare. Ranar Alhamis zan shiga Sakkwato sayen yadi, sai ya ba ni guntuwar waya ya ce in nuna wa masu kayan lantarki, kada in karɓi wadda ba irinta ba. Na ce to. Na sauya riga da safe, guntuwar ta zauna a aljihun ta jiya.

A kasuwa sai da na gama da yadina tsaf, sannan na tuna da saƙonsa. Na ce wa wani mai shago waya mai saƙa nake so, ta amfilifaya. Ya jawo mini wata mai kauri, an saƙa mata rigar zare baƙi da fari a waje. Wallahi saƙar ta yi kyau, na murza ta a yatsa irin yadda nake murza shadda, na yaba. Na sake tambayarsa ko ita ce, ya ce har ta fi. Wayar dutsen guga ce. Ya sani sarai, Allah ya isa tsakanina da shi, amma ni ma wa ya aike ni barin samfuri a gida?

Yaya ya fere bakinta da reza, ya daɗe yana kallo. “Nasiru,” ya ce, “saƙar ciki nic ce maka, ba ta waje ba.” Lokacin komawa birni ya wuce, Hamidu kuma ya turo sau biyu. Sai ya murɗa silin, ya naɗe su da takardar nan mai ƙyalli ta kwalin shayi, ya liƙe da dalma. Ya gwada a shago, shiru, lafiya lau.

A Shagari aka dasa janareta dab da akwatin. Ina wurin, don ni na ɗinka kayan ango. Hamidu ya fara kiɗa, ƙugi ya taso ƙasa-ƙasa, aka daure. Can ya ɗaga hannu daga jita zai yi wa uwar amarya kirari, sai muryar wani mutum ta fito daga lasifika tangaran: “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Wayar ta kamo gidan rediyo, ana karanta sanarwar rasuwa. Har da lokacin jana'iza aka ji kafin wani ya fizge fulogi. Uwar amarya ta fashe da kuka ta ce an yi wa ɗiyarta mugun baki. Samari kuwa dariya har da faɗuwa ƙasa.

Kafin kasuwa ta sake ci, suna ya bi shi. Wani liman da Yaya ya yi wa aiki shekara da shekaru ya aiko a karɓe amfilifayar masallacinsu, wai kada ana tsakiyar salla a ji waƙa. Sauran suka bi. Mutanen da ya yi wa gyara ɗari ba su tuna ko ɗaya ba, guda ɗayan nan suka riƙe. Kai, mutane!

Na same shi na ce zan fito in faɗi gaskiya. Ya ce, “Kai kas sawo, amma ni nil liƙa. Kak ka hwaɗa ma kowa.” Ban faɗa wa kowa ba, kuma ba don biyayya ba ne, kada in yaudare ku. Daɗi na ji. Lokacin nake neman aure, ba na son a ce ga telan da ba ya bambance wayar guga da ta jita. Shekara huɗu ya ƙara a duniya yana gyaran tocila da fanka, ina wucewa ta ƙofar shagonsa kullum ina gaishe shi.

Da zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Masu jari-bola sun kwashe tsofaffin rikodan da yake tonowa, suna ƙona wayoyin don su sayar da jan ƙarfen a kilo. Biki kuma ba a kiran mai jita, ƙaramin akwati ake haɗawa da wayar hannu, in ya lalace a jefar. Na tambayi masu gyara uku a birni waya mai saƙa, biyu ba su gane abin da nake nufi ba. Ina jin da tsaki kawai zai yi ya koma.

Abin da ya rage nasa kaɗan ne. Akwai wani ƙaramin masallaci a Danchadi da har yau amfilifayar da ya haɗa ke kiran salla, tas, babu ƙugi, kuma babu wanda ya san mai aikin. Sai kuma ɗiyarsa Hafsatu da ke hannuna. Makon jiya dattawa suka zo nema wa ɗansu aurenta, babbansu ya yi sallama ya ce ko nan ne gidan ɗiyar Mai Sanarwa. Tana bayan ƙofa tana ji. Na ce nan ne, bismillah ku shigo. Ko a ranar ma ban gyara masa ba.

To yau na gyara. Sunansa Sahabi, kuma aikinsa bai taɓa cin amanar kowa ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini. Wanda bakinsa ya riga ya saba da wancan suna, kuma dole sai ya kira wani da shi, shagona yana nan bakin tasha. Ni na sayo wayar.