Gonar Gwaggo a Gaban Alƙalai

Na daɗe ina sana'ar rubuta arida a bakin kotun Gadarif. Arida ita ce takardar da mai ƙara yake shigarwa gaban alƙali, kuma da Larabci ake rubuta ta. Teburina ƙarami ne, a ƙarƙashin rumfar buhu, kusa da wata mai shayi da jabana, wato gahawa. Mutanenmu na ƙauyuka wurina suke zuwa, domin ko wanda yake ciniki da Larabci a kasuwa, in aka zo maganar shari'a ya fi son ya faɗi damuwarsa da Hausa. Ni kuma in saurara, in tace maganar, in rubuta, in nuna masa ƙofar da zai shiga. A lokacin ina ganin babu wanda ya fi ni sanin ƙofofin nan.

Wata safiya, ana dab da faɗuwar damina, na ɗaga kai na ga Gwaggo, yayar mahaifina, tsaye a gabana da ƙurar hanya a mayafinta. Daga wajen Basunda ta taso, kuma ba mai son shigowa gari ba ce. Na ba ta kujera, na sa aka kawo shayi. Ba ta taɓa shi ba.

"Ɗana, an cinye mini rabin gona," in ji ta.

Gonar kakana ce, shi ya sare dajin da hannunsa lokacin da mutanenmu suka taso daga yamma suka yada zango a can. Da ya rasu 'ya'yansa maza suka watsu, Gwaggo ta ci gaba da noma ta, dawa a tudu, riɗi a gangare. Wani attajiri mai babban mashru, wato irin gonakin nan da ake nomawa da tarakta, ya yi iyaka da ita. A shekarar direbansa ya tsallake layin itatuwan aduwa da kowa ya sani shi ne iyaka, ya kafce gangaren gaba ɗaya.

Ta riga ta je wurin shehun ƙauye, ya tura ta kotun karkara, inda umda, wato hakimin yankin, da dattawa suke zama. Nan ake kai ƙarar shanun da suka shiga gona, da faɗan maƙwabta, da ƙananan rigingimun iyaka, a yi magana a gama a zama ɗaya. Attajirin bai je ba. Wakilinsa ya je da takarda mai hatimi. Umda ya juya ta, ya sake juya ta, ya ce inda takardar hukuma ta shigo, magana ta fi ƙarfinsa.

Na ce, "Gwaggo, kwantar da hankalinki. Nan wurina ne."

Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Na fara da ɓangaren laifuka, domin a ganina shiga gonar wani laifi ne ƙarara. Muka je niyaba, ofishin masu gabatar da ƙara, aka buɗe takarda, bayan makonni aka kai mu gaban alƙalin laifuka. Ranar muna zaune a benci ɗaya da wanda ake tuhuma da satar akuya da wasu samari biyu da suka fasa wa juna kai. Gwaggo ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Da aka kira mu, lauyan attajirin ya miƙa takardarsa. Alƙali ya duba, ya ce ba zai iya hukunta mutum da shiga gonar wani ba alhali kowa yana cewa tasa ce. A je kotun madani, mai raba rigimar dukiya da filaye, a fara tabbatar da mai ita.

A waje Gwaggo ta tambaye ni, "Wannan ɗin ba alƙali ba ne?"

"Alƙali ne, Gwaggo."

"To me ya hana shi ya tambaye ni?"

Na yi mata bayanin hurumi, cewa kowane alƙali da iyakar abin da aka ba shi ya saurara. Ta riƙa kallon bakina kamar mai sauraron baƙon yare. Ranar aka yi ruwan farko. Ta ce dole ta koma kafin laka ta rufe hanya, ta shuka abin da ya rage mata.

Kotun madani hawa-hawa ce. Akwai alƙali mai daraja ta uku, da ta biyu, da ta ɗaya, kuma girman abin da ake jayayya a kai shi yake nuna wanda zai saurara. A sama da su akwai babbar kotun da ake kira amma. A nan na yi kuskuren da ba zan ɗora wa kowa ba. Na ga gonar tsohuwa ce, na raina ta, na kai aridar gaban ƙaramin alƙali don a yi sauri. Lauyan ya bari sai da muka yi zama biyu, Gwaggo ta yi tafiya biyu a bayan lori, sannan ya miƙe ya ce darajar filin ta wuce hurumin wannan kujera. Gaskiya ya faɗa. Aka kori ƙarar, aka ce mu sake shigarwa a sama. Ban iya gaya wa Gwaggo laifina ba ne sai da muka isa gida. Ta ce, "Ba komai, ɗana, kai ma ba a cikin kotu aka haife ka ba." Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Alƙali mai daraja ta ɗaya mutum ne mai haƙuri. Ya bar ni na fassara mata. Ya tambaye ta gonar wa ce tun asali.

Ta ce, "Ta babana ce, Maulana."

"Ke kaɗai ya haifa?"

"A'a."

Ya ce to ba za ta yi ƙara ita kaɗai a kan abin magada ba. Sai mun kawo takardar da ke tabbatar da rasuwar kakana da sunayen magadansa, kuma ba shi yake bayar da ita ba. Aikin kotun iyali ne, mai duba aure da saki da ciyarwa da gado.

Kotun iyali tana can ƙarshen baranda, kullum cike da mata da goyo. Can aka ce mu kawo shaidu biyu da suka san mamacin da duk 'ya'yansa. Mahaifina ya rasu. Baffana ɗaya yana bakin teku yana dako, ɗaya ya tafi aikin hajji tun ina yaro, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shaida ɗaya muka samu cikin sauƙi. Na biyun sai da na je Mafaza, bakin kogin Rahad, na ɗauko wani dattijo da ya yi ƙuruciya tare da kakana. Idanunsa sun yi hazo, amma kansa garau. A cikin mota ya riƙa ba ni labarin ranar da suka dasa aduwar nan, har da wanda ya ɗebo ruwan.

A gaban alƙali aka ce ya lissafo 'ya'yan mamaci. Ya fara tun daga na fari, har da waɗanda suka mutu a goye, yana faɗin inda aka binne kowanne a kan hanyarsu ta zuwa ƙasar nan. Magatakarda ya ɗaga alƙalami yana jira. Na raɗa masa, "Baba, waɗanda suka rayu bayansa kawai ake so." Ya juyo ya ce, "Ai duka nasa ne." Alƙalin bai katse shi ba, Allah ya saka masa. Bayan watanni, da sanarwa a kan baffan da ya ɓace, da wasiƙar wakilci daga na bakin teku, muka samu takardar. Ranar ce kaɗai na ga Gwaggo ta yi dariya a harabar kotu.

Muka koma madani muka tarar an yi wa alƙalinmu canjin wurin aiki. Sabon ya ce sai ya karanta fayil daga farko. Aka ɗage zama. Aka sake ɗagewa saboda lauyan yana wata kotu. Sannan aka ce sai an je an ga filin da ido, amma damina ta sake shigowa, baƙar ƙasar nan tamu ta zama laka, babu motar da za ta shiga sai kaka. Ni kuwa kullum ina nan a bakin ƙofa, ina gaisawa da magatakarda, ina shan shayi da masinjoji. Kowa ya san Gwaggona ce, kowa yana cewa Allah ya kawo sauƙi. Babu wanda ya zalunce mu a cikinsu, kuma babu wanda yake da abin da zai yi mana.

Kafin hanya ta bushe dattijon Mafaza ya rasu. Ba a taɓa ɗaukar shaidarsa a kan iyaka ba, domin kotun iyali ba iyaka ta tambaye shi ba. Ranar da aka je ganin fili na bi su. Aduwar babu ko ɗaya. An sare, an tumɓuke kututturen, tarakta ta bi ta kai. Gwaggo ta riƙa tafiya cikin karan dawar mutumin tana nuna ƙasa da sanda, tana cewa nan ne, a'a, nan ne. Mai awon ƙasa ya buɗe taswirarsa a kan mota, ya ce shi abin da ke takarda ya sani.

Aka yanke cewa ba mu kawo hujjar da ta isa ba. Na gaya mata muna da 'yan kwanaki da za mu ɗaukaka ƙara, akwai kotu a sama, a samanta ma akwai wata. Har na ɗauko takarda.

"Su waɗannan na sama za su zo gonar?" in ji ta.

"A'a, fayil za su karanta."

"Za su kira ni?"

"Ba lallai ba."

Ta ɗora hannunta a kan takardar. "Bar shi, ɗana. Ƙafafuna sun gaji."

Da kaka ta sake zagayowa na je ganin ta. Na same ta a tudu tana kaɗa ɗan riɗin da ta matsa ta shuka a gefen dawa. A gangare 'yan ƙwadago suna yankan riɗin attajirin, suna jera dammuna a tsaye. Da na ƙura ido na gane ɗaya daga cikinsu. Mijin 'yarta ne. Gonarsa ba ta yi ba a shekarar, ga yara.

Na buɗe baki zan yi magana, ta girgiza kai. Ta cika jarka da ruwan tulu ta miƙo mini.

"Kai musu," in ji ta. "Tun safe ba su sha ba."

Na ɗauka na gangara.